Ƙafar da Ba Ta Tsiro Ba

Baban Alheri,

Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan karon ba amsa. Ba za ka karanta takardar nan ba. Babu ɗan aiken da zai kai maka ita, babu motar da ke tashi daga Sabon Tasha zuwa inda kake. Na faɗi wannan tun daga farko ne don kada gobe wani ya tsinci takardar ya ruga da ita Unguwar Mu'azu yana ihun ya samo hujja, wai ga matarsa ma tana rubuta masa wasiƙa, ashe yana nan da ransa. Ka san mutanenka. Za su aikata.

Mu dai muna nan lafiya a Kamazou. Ƙanenka Istifanus ya gyara rufin da ke yoyo kafin ruwa ya sauka sosai. Alheri ta ci jarrabawa, ta yi tsawo, har ta fara sa zannuwana ba tare da ta tambaye ni ba. Ni kuma na koma tuyar ƙosai a bakin titi, ana saye ba laifi. Sojoji sun koma bariki, an rantsar da farar hula. Kai da ka daɗe kana cewa ba za ka mutu ba sai ka dangwala wa wanda kake so da yatsanka, ga shi an yi zaɓen babu kai. Fastocin 'yan takara har yanzu suna manne a katangu, ruwa ya wanke fuskokinsu, wasu sun zama kamar dodanni. Zan zo kan zaɓen, don har da kai a ciki, ko da yake kana kwance a ƙasa.

Ba don labarin rufi na ɗauki biro ba. Na ɗauka ne don in gaya maka abin da masoyanka suka yi da mutuwarka. Masoya! Haka kake kiran su, kana wani buɗe ƙirji.

Ka tuna yadda abin ya fara? Masaƙar da kake aiki a Kakuri ta rage ma'aikata, ka dawo gida ka zauna, kullum kana kan benci kana kallon hanya. Sai Alhaji Garba mai sayar da kaset a Unguwar Mu'azu ya gan ka kana taya wani ɗaga injin niƙa, ya ga tsawo, ya ga damatsa, ya ce ya samu wanda yake nema. Zai yi fim, kai ne jarumin. Wani mutum ne wai wanda ko me aka yanke a jikinsa sai ya sake fitowa, kamar wutsiyar ƙadangare. Saboda haka aka sa masa suna Jangwada, aka naɗe masa kai da rabin fuska da jan ƙyalle, aka koya maka gyaɗa kai irin na ƙadangare a kan katanga. Ranar da ka gwada mini a tsakar gida na yi dariya har na ƙware. Ban san abin zai ci gidana ba.

Ni na san yadda hannun Jangwada yake tsirowa, don da tsohon ɗankwalina ake ɗaure maka hannun a baya, a cikin riga. A jefar da na roba a ƙasa, a kashe kyamara, a kwance ka, a kunna. Jinin kuwa ni nake dafa shi: zoɓo ne mai kauri da ɗan sitaci, a tukunyar da nake miya. Ni nake wanke shi daga rigunanka har yatsuna su yi ja. Abin kenan. Abin da ƙattin maza masu gemu da iyali suka zauna a kai suna musu kamar suna shari'ar gado.

A gidan kallon bidiyo na Unguwar Mu'azu suke taruwa, su cika bencina, in janareto ya mutu su fito waje wurin mai shayi su ci gaba. Tambayarsu ɗaya ce: shin akwai abin da zai iya kashe Jangwada har lahira? Sun rabu biyu. Shugaban masu cewa ba ya mutuwa shi ne Yohanna, wanda suke kira Lauya don ba a taɓa ganin ya yi shiru ba, ba kuma a taɓa ganin ya yi wani aiki ba. Shugaban ɗaya ɓangaren Oga Sunday ne, bakaniken nan na Kakuri, mai Hausa kamar yana tauna ƙusa. Oga Sunday ya ce a sare kan a binne shi a tsallaken kogi, gangar jikin a nan kudu, shi kenan an gama. Lauya ya ce in aka yi haka kan zai fitar da jiki, jikin ya fitar da kai, a wayi gari da Jangwada biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Wani ya ce a ƙone shi ƙurmus. Aka ce ai a kashi na uku an ƙone shi, ya dawo daga ɗigon jini ɗaya da ya faɗa kan dutse. Wani ya ce a ɗaura masa dutse a jefa shi ƙarƙashin gada. Aka ce zai riƙa mutuwa yana farfaɗowa a cikin ruwan har igiyar ta ruɓe. Na ji an taɓa fasa wa wani baki da kofin shayi a kan wannan. Musulmi da Kirista, Bahaushe da Baju da Ibo, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ga su cinya da cinya a benci ɗaya saboda zoɓona. Ka ce wannan abin alfahari ne. Ni dai ban ga alfaharin ba. Na ga mutanen da matansu ke jiran cefane ne.

Kai kuwa kana jin daɗi. In sun tare ka a hanya suka ce ka raba musu gardama, sai ka gyaɗa kai irin na ƙadangare ka wuce, su bi ka da tafi. Ka daina amsa sunanka na gaskiya a waje. Har a coci yara suna nuna ka. Kana dawowa gida fuskarka na ƙyalli kamar an shafa mata mai. Me suka ba ka, Baban Alheri? Me tafin ya ƙara maka da ba ka da shi?

Sai ranar ƙusar. Kuna ɗaukar fim a wani kango nan bayan unguwarmu, ka diro daga kan katanga ba takalmi, ka sauka a kan katako mai ƙusa. Ta shige tafin ƙafarka ta dama. Jama'a sun cika wurin suna kallo. Maimakon ka zauna ka ce a kawo ɗauki, sai ka ɗaga ƙafar, ka fizge ƙusar, ka nuna musu ita kana dariya. Wurin ya ɓarke da ihu. Alhaji Garba ya ce kada a kashe kyamara. Ya sa wannan a cikin fim ɗin, har yau yana nan, shi kaɗai ne jinin gaske a duk abin da kuka yi. Kuma ka san kana da ciwon suga. Ka sani, na sani, likita ya gaya maka tun kana masaƙa cewa ka kiyayi ciwo a ƙafa.

Na roƙe ka ka je asibiti. Ka ce yaya za a yi a ga Jangwada a layin karɓar kati. Na turo maka Istifanus, ka kore shi. Na kira fasto, ka yi masa alkawari ka saɓa. Kana ɗaure ƙafar da tsumma, kana cusa ta cikin takalmi, kana fita ana ɗauka. Alhaji Garba yana zuwa da mota har ƙofar gida ya ɗauke ka, yana ganin kana ɗingishi, sai ya ce a bar shi a labarin, a ce maƙiya ne suka sa wa Jangwada guba. Har warin ya cika ɗaki. Har na daina iya cin abinci kusa da kai, ban kuma faɗa maka dalili ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai a bakin rijiya aka kwashe ka, lokacin ba sauran zaɓi. A asibiti likitoci suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Yanzu bari in tuna maka zuwan masoyanka asibiti, ko da ka manta, don ni ban manta ba. Sun shigo a jere, Lauya a gaba, ko lemo ɗaya babu a hannun kowa. Ba su tambayi yadda ka kwana ba. Lauya ya kama bakin mayafin da aka rufe ka da shi ya ɗaga, wai bari su duba ko ta fara tsirowa. Suka tuntsire da dariya. Kai ma ka yi dariya. Ka yi! Leɓunanka sun bushe sun tsage, idanunka sun faɗa ciki, amma ka yi musu dariya, har ka gyaɗa musu kai. Sannan ka gaya musu abin da ka gaya mini da safe, cewa kana jin yatsun ƙafar suna maka ƙaiƙayi. Nas ta riga ta yi mana bayani, ta ce haka yake faruwa da kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa, jiki ne bai gama yarda ba. Ka ji ta da kunnenka. Amma ka ba su maganar a matsayin tsaraba. Kafin la'asar ta zagaye Kakuri da Sabon Tasha: yatsu sun fara motsi.

A ranar na so in mare ka. Ban taɓa gaya maka ba. Ina riƙe da kofin kunu, ina kallon mutumin da na aura ya zama abin wasan banza a kan gadon da zai mutu, kuma da yardarsa.

Ciwon bai tsaya a gwiwa ba, ya shiga jini. Ka cika da hantsi, kanka a kan hannuna, kana kiran sunan mahaifiyarka. Babu ko ɗaya daga cikinsu a wurin. Na gode wa Allah da wannan.

Abin da ya biyo baya ba ka gani ba, shi ne nake so ka ji. Da aka zo shirya ka, Istifanus da dattawan coci suka sa maka baƙin kwat ɗinka na ranar aurenmu. Na shiga na gan ka, ƙafar wandon ta dama a shafe, ba komai a ciki. Zuciyata ta kasa ɗauka. Ban so Alheri ta yi maka kallon ƙarshe a haka ba. Na kwance tsohon zanena mai ruwan ganye, wanda nake goya ta da shi tana jaririya, na naɗe shi na cusa a ƙafar wandon, na daidaita, na jingina takalmin a ƙarshensa. Ka yi kyau. Ka koma cikakken mutum kamar ranar da ka zo gidanmu neman aure.

An yi sujadar jana'iza a cocinmu kafin a tafi da kai ƙauye. Masoyanka suka zo, suka cika bencinan baya, waɗanda ba sa shiga coci suka tsaya a tagogi. Na ɗauka kunya ce ta kawo su. Fasto ya hau wa'azi a kan tashin matattu, yana ƙarfafa mu cewa wanda ke kwance nan zai tashi a ranar ƙarshe da sabon jiki. Ina zaune a gaba ina jin ƙus-ƙus a bayana. Na waiwaya na ga Lauya yana zungurin na kusa da shi da gwiwar hannu, yana ɗaga gira, wato ka ji ko, har fasto ya yarda. A cikin ɗakin Ubangiji, gawarka a gabansu.

Da aka buɗe akwatin don a yi bankwana, suka shiga layi. Ina kallon su. Ba wanda ya dubi fuskarka. Ƙafa suke dubawa. Suka ga wando a cike, takalma biyu a jere. Na ga idon Lauya ya buɗe kamar wanda ya tsinci zinariya. Kafin motar da ta ɗauke ka ta wuce Gonin Gora, labari ya riga ta gudu: ƙafar ta tsiro, sun gani da idonsu, mutum fiye da ɗaya ya shaida. In ƙafa ta dawo, me zai hana rai dawowa? An tafi da kai ƙauye ne kawai don ka ƙarasa warkewa a ɓoye.

Da farko na yi banza da su. Ina cikin makoki, ba ni da ƙarfin mahaukata. Amma lokacin ya zo daidai da kakar siyasa, kowane mai ɗan abin hannu ya buga fasta yana neman kujera. Alhaji Garba ya fito takarar kansila. Ya zo gidan nan da babbar riga, ya zauna a bencinka, ya yi ta'aziyya ta minti kaɗan, ya share idon da ba hawaye a ciki. Sannan ya ce ko zan ba shi jan ƙyallen nan naka, don tunawa. Na ce masa na sa shi a murhu. Ban sa ba a lokacin, amma yana fita na sa. Bai dame shi ba, ai jan yadi bai ƙare a kasuwa ba. Ba a jima ba sai ga a-kori-kura tana zagaya unguwanni da lasifika, a bayanta wani ƙato a tsaye, kai da rabin fuska a naɗe da ja, yana gyaɗa kai, yana ɗaga ƙafar dama yana bubbuga ta a ƙarfen motar. Mai lasifika yana ihun Jangwada ba ya mutuwa, haka ma tafiyar Alhaji. Ba su taɓa cewa kai ne ba. Ba su kuma taɓa cewa ba kai ba ne. Yara suna bin motar, manya suna bin yaran.

Na gan shi sau ɗaya daga wurin tuyata. Bai kai ka tsawo ba, kafaɗunsa a zube, yana da tumbi. Ko makaho ya shafa shi ya san ba kai ba ne. Amma masoyanka, waɗanda suka haddace kowane tabo a jikin Jangwada, suka ce ai dole kamanni su ɗan canja bayan irin wannan dawowar. Sabon babi ya buɗe a wurin mai shayi: in ya dawo da wata fuska, shi ne ko wani ne?

Daga nan abin ya shigo gidana. Mata a wurin ɗiban ruwa suna yi mini barka ƙasa-ƙasa. Wata ta ce in dai yana nan me ya sa nake sa baƙaƙen kaya, ko duk cikin shirin ne. Samari suna leƙen katangarmu. Wata tsohuwa daga Gonin Gora ta zo da jikanta mai shanyayyen hannu, wai in taimaka in nuna mata inda kake ka shafa shi. Wannan ba ta ba ni haushi ba, kuka ta sa ni. Na zaunar da ita na ba ta ruwa na gaya mata gaskiya, ta tafi tana ganin rowa na yi mata.

Abin da ya tayar da ni shi ne Alheri. Tun rasuwarka ba ta yi kuka ba, na ɗauka dauriya ce. Ranar jana'izar ma ba ta bi mu ƙauye ba, zazzaɓi ya rufe ta aka bar ta wurin maƙwabta. Wata ranar Asabar muna tsince wake sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, ko gaskiya ne ka warke ka ƙi dawowa wurinmu. Ta ce 'yan ajinsu sun ce kana Gonin Gora da wata mata, Alhaji ya kama muku gida. Ta ce ita ma ta ga ƙafar a cikin akwatin a coci. Ta tambaye ni ko wani abu muka yi maka.

Ka ji? 'Yarka ta shafe watanni tana ɗauka guduwa ka yi ka bar ta. Wannan ne tukwicin masoyanka.

Na gaya mata komai, na gaya mata zanen da na sa. Washegari bayan an tashi daga coci ban cire kayana ba, na hau mota zuwa Unguwar Mu'azu. Ban taɓa shiga gidan kallon nan ba sai ranar. Rumfar kwano ce mai warin zufa da hayaƙin janareto, an toshe tagogi da buhuna. Ga ka a akwatin talabijin ana sare maka hannu. Na ratsa tsakanin bencina na kai hannu na kashe. Suka yi caa, sannan suka gane ni suka yi tsit.

Ban ɗaga murya ba. Na gaya musu sunanka na gaskiya, Bulus, da sunan mahaifinka, don na lura da yawansu ba su ma sani ba. Na gaya musu yadda ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, da irin warin da ta yi, da abin da nake matsewa daga cikinta kowace safiya. Na gaya musu yadda kake cizon matashin kai don kada maƙwabta su ji Jangwada yana kuka. Na gaya musu abin da suka gani a cikin wandon, da launinsa, da wadda na goya da shi. Na ce na tsaya a bakin ramin har aka gama tura ƙasa, kuma wanda ke shakka ga hanyar ƙauye nan, ya je ya tona, in ya samu ƙafa ya zo ya tsinka mini mari a gaban kowa. Na ce akwai yarinya a gidana da ba ta iya barci saboda hirarsu ta shayi.

Wasu sun sunkuyar da kai. Oga Sunday ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Na fito ina jin kamar na sauke dutse, har na ce a raina ashe da sauran mutunci a jikinsu.

Ka san abin da ya faru? Ban kai bakin titi ba na ji an sake kunna talabijin ɗin. Daga baya labari ya iso ni cewa Lauya ya miƙe ya ce wannan shi ne daidai abin da matar Jangwada za ta faɗa in tana so ta ɓatar da sawun maƙiya, kuma su jira kashi na gaba za su ga ni ma an sa ni a ciki. Rabinsu suka tafa masa. Oga Sunday kuwa, mai hula a ƙirji, ya zo har wurin tuyata bayan kwana biyu, fuskarsa fal murna, ya ce ya zo ya yi mini godiya. Na ɗauka haƙuri zai bayar. Wai na tabbatar da maganarsa, tun da daɗewa yake gaya musu Jangwada na iya mutuwa, sai dai shi ta wajen kai ya zata, bai yi tunanin guba a jini ba. Ya ce in na yarda in sake zuwa in maimaita a gaban waɗanda ba su nan ranar. Na dube shi, na dubi man da ke tafasa a kasko. Allah ne ya riƙe hannuna. Na ce ya matsa yana tare mini masu saye.

Waɗannan ne ka ƙi zuwa asibiti don kada su gan ka a layi. Waɗannan ne ka fizge wa ƙusa kana dariya. Da ka ga yadda suka auna ka, da ka san ba ka kai musu kofin shayi ba. Ba kai suke so ba. Abin taunawa suke so, kai kuma ka miƙa musu kanka.

Amma tunda na ce zan faɗi komai, bari in faɗi wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko fasto. A asibitin nan, wata safiya kana barci, nas ta kwance bandejin za ta wanke ta fita ɗauko wani abu. Ni kaɗai na rage da kai. Na matso na duba. Na duba sosai, Baban Alheri, na sunkuya ina neman ko da ɗan wani abu ne ya ɓullo. Ni da na dafa zoɓon, ni da na ɗaure hannun. Na tsaya ina roƙon Allah a zuciyata ya sa mahaukatan nan su yi gaskiya sau ɗaya. Ban ga komai ba sai zare da nama. Bambancina da su kawai shi ne, ni da ban gani ba na zauna na riƙe hannunka.

Kuma ban taɓa gaya maka ba cewa na fi son ka lokacin da kake dawowa daga masaƙa da burbushin auduga a gashinka da girarka, ka zauna in riƙa tsince maka, kana ba ni labarin wanda ya yi faɗa da wa. Ba wanda ya san ka a lokacin sai mu. Me ya sa hakan bai ishe ka ba? Me muka rage maka?

Alhaji Garba ya ci zaɓensa. Yanzu ranka ya daɗe ake ce masa, ya rufe shagon kaset, ya ce fim wasan yara ne. Ƙaton da ya sa wa jan ƙyalle na ji yana lodin doya a Gonin Gora. Kashi na gaba da Lauya ke jira bai fito ba, ba kuma zai fito ba. A wurin mai shayi yanzu siyasa ake yi da ƙwallo, Lauya ya zama masanin tsarin mulki. An ce in wani ya ɗauko zancen Jangwada sai su ce wannan ai tsohon yayi ne. Ba su raba gardamar ba, sun dai gaji sun tofar. Na ɗauka zan ji sanyi. Sai na samu kaina ina jin wani sabon haushin, wai har sun manta da kai. Ka ga irin abin da ka mayar da ni.

Da aka yi hutun makaranta na kai Alheri ƙauye. Na nuna mata wurin, kusa da kabarin mahaifinka, ƙarƙashin ɗorawar nan. Ƙasar ta zauna, ciyawa ta rufe ta. Istifanus ya zuba siminti ya rubuta Bulus da tsinke tun yana ɗanye, ba wani suna bayan wannan, haka na ce a yi. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta dafa simintin da hannu biyu ta fashe da kukan da ta riƙe tun bara. Ban hana ta ba. Kakarta ta fito za ta ɗaga ta, na ce a bar ta. A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗata tun daga tasha har muka shigo gari.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, ni da ban cika roƙonka komai ka yi ba. Ka kwanta. Ba wanda za ka burge a nan kuma. Ba sai ka yi wa kowa dariya alhali kana jin zafi ba. Ni da 'yarka mun yarda ka mutu, mun sha wuya kafin a bar mu mu yarda, kuma za mu riƙe wannan da kyau. Ranar da fasto ya ce za a tashi, in ta zo, ka tsaya inda kake ka jira ni. Kada ka bi taro.

Sai mun haɗu. Har yanzu ina fushi da kai, kuma har yanzu a gefenka na gado ba na kwanciya.

Matarka,
Rifkatu, uwar Alheri.